Ranar da Na Kira Sunan 'Yar Fari

Abu biyu suka tarbe ni a Greenbelt: sanyi da tambaya. Sanyin na yi masa shiri, ko in ce na zaci na yi, don kafin mu taso sai da na sayi wata jibgegiyar riga a kasuwar Malumfashi, mai ita yana rantsuwa cewa irinta Turawa ke sawa. Iskar farko da ta mare ni a ƙofar benen da Malam ya kama mana haya ta gaya mini mutumin nan ya cuce ni. Malam shi ne maigidana. Ya riga mu zuwa Amurka da shekara huɗu, yana tuƙa tasi a cikin Washington. Tambayar kuwa ba wanda ya gargaɗe ni a kanta. Duk inda muka sa ƙafa, ko asibiti ko ofis, sai wani ya dubi yarinyar da ke riƙe da bakin mayafina ya ce mini, “Yaya sunanta?”

Ni kuwa sunaye biyu ne ba sa fita daga bakina, na mijina da na 'yata ta fari. Haka na buɗe ido na ga ana yi. Ɗan fari a wurinmu kunyarsa ake ji: ba a kiran sunansa, ba a yabonsa a gaban mutane, ba a rungumarsa ido na gani. Uwata har yayanmu ya yi furfura “wancan” take ce masa, kuma duk gidan an san ba wanda take so kamarsa. Ita ma yarinyar tawa, ana yaye ta uwata ta ɗauke ta, ta riƙe ta har ta shekara bakwai. Shi ya sa ta tashi tana ce mini Yaya, yadda ta ji ƙannena na faɗa. In zan kira ta sai in ce “Ke!” In ina zancenta in ce “yarinyar nan”. A gida ba wanda ya taɓa ɗaga kai a kan wannan.

Ranar da na kai ta makaranta Malam yana bakin aiki, ni kaɗai na je da takardu a leda da Turancina na sakandare. Matar da ke ofis ta tambaye ni sunan sau uku. Na tsaya ƙerere ina kallon ƙasa. Na ga ta fara dubana tana duban yarinyar, irin duban da ake yi wa wanda ya sato akuya. Hannunta har ya doshi tarho, sai na ji murya a bayana da Hausa tsantsa:

“Baiwar Allah, 'yar fari ce?”

Na juya, sai ga wata gajeriyar mace da kayan nas tana dariya har da riƙe ciki. Wallahi saura kaɗan in fashe da kuka, don wata biyu ke nan rabona da jin Hausa a bakin baƙo. Ta karɓi fasfon ta karanta wa matar sunan, ta yi mata wani dogon bayani da ban ji rabinsa ba. Sunanta Ladi, mutuniyar Filato ce, Kirista, gidanta benen da ke kallon namu. Tun daga ranar ta zama Anti Ladi a gidanmu, kuma tun daga ranar ba ta daina tsokanata ba.

Aikina na farko kitso ne, a shagon wata mata a kan hanyar Beltsville. Wata uku ina yi mata aiki tana ce mini har yanzu koyo nake, ni da na fara kitso tun ban iya ɗaura zane ba. Ladi ce ta je ta ɗauko ni da kanta, ta sa na yi ɗan kwas, ta samo mini aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Da safe in hau jirgin ƙasa daga tasharmu, wadda ita ce ƙarshen layi, in zauna ta taga ina kallon itatuwa babu ganye ko ɗaya. A cikin jirgin nan kewar gida ke kama ni. Ba abinci nake kewa ba, don har daddawa ana samu in ka san wanda za ka tambaya. Gaisuwa nake kewa. Tarago cike da mutane, ba mai ce maka ina kwana.

Tsohuwar da na fi daɗewa da ita Misis Ruth ce, baƙar fatar Amurka, mai ciwon ƙafa da kaifin baki. Ni Kaka nake ce mata. Watanni muna zaman lafiya, da Maris ya kama sai na ga wata Kaka daban. Ta yanko wani shafi daga jarida ta manna a jikin firiji, sunayen jami'o'i ne jere bibbiyu. Ta ce wannan gasar ƙwallon kwando ce ta 'yan matan jami'o'in ƙasar duka, kuma sili ɗaya ƙwale ce: aka ci ku sau ɗaya, ku tattara ku tafi gida, a yi ta raguwa har a tsaya kan zakara. In an fara wasa ba wanka, ba magani, ba magana.

“Zauna, Hajara,” in ji ta. “Wankin ba gudu zai yi ba.”

Na zauna don kada a ce na yi wa babba musu. Da farko ba abin da nake gani sai dogayen 'yan mata suna tsere a kan katako. A hankali ta koya mini: wannan ita ke raba ƙwallo, waccan aikinta ta tsaya ƙarƙashin kwando ta cafe duk abin da ya faɗo. In an yi wa yarinya ƙeta tana shirin jifa, alƙali ya busa usur, a ba ta ƙwallo ta tsaya kan layi ita kaɗai ta jefa sau biyu. A lokacin nan magoya bayanta shiru suke yi, ko tari ba a so, don kada hankalinta ya rabu. Kaka ta ce su a zamaninsu ba a barin mace ta yi gudu daga wannan kai na fili zuwa wancan, wai zai hana ta haihuwa. “Biyar na haifa,” ta ce, ta ja tsaki sak irin na matan garinmu. Shekara ba ta zagayo ba sai ga ni ina gardama da ita a kan alƙali.

Ana cikin haka yarinyar nan ta fara miƙewa. Tsawon dangin Malam ne, duk gidansu sai sun sunkuya suke shiga ɗaki. Tana shekara goma sha biyu ta wuce ni, takalmi kuwa sai a sashen maza. Hausarta ta fara tsinkewa. Ka yi mata magana ta ji sarai, ta mayar maka da Turanci. Malamar motsa jiki ta makarantarsu ta ɗora ido a kanta, ta aiko da takarda a sa hannu. Malam ya ce shi 'yarsa ba za ta yi tsalle da gajeren wando a gaban maza ba. Nakan bari sai yarinyar ba ta nan, sannan in same shi. Kwana uku muna yi. Na ce wando ni zan ɗinka mai kaiwa idon sawu ta riƙa sawa a ƙarƙashi, kallabi ma zan yi mata wanda ba zai zame ba. Ya gaji ya sa hannu. Ita ta ɗauka ubanta ne ya sauko don kansa, ta rungume shi tana tsalle, ni kuma na bar ta a haka.

A wani taron suna a Beltsville wata Hajiya ta ce mini, “Mace da ƙwallo? Wa zai kwasa?” Na ce mata wanda ya kwashi taki mai barci har azahar. Shekara biyu ba mu gaisa ba. Wannan ma yarinyar ba ta sani ba.

Wasanninta na sakandare kusan duka na gani. Sai in tashi daga gidan Kaka, in hau jirgi, in hau bas, in lallaɓa in zauna a layin ƙarshe can sama kusa da ƙofa. Iyayen sauran yara suna gaba suna ta ihu. Wata uwa in 'yarta ta jefa sai ta miƙe tana buga ƙirji, “Jaririyata ce! Jaririyata ce!” alhali jaririyar ta kai tsawon ƙyaure. Ni har kunya ke kama ni a madadinsu. In tawa ta jefa sai in danne murna in ce “Masha Allah” a cikin mayafi, kuma kafin usur na ƙarshe na sulale, don kada mu haɗu a gaban jama'a in rasa inda zan sa fuskata. In ta dawo ta tarar da tuwo da zafinsa sai ta ce, “Mun ci, Yaya.” In ce, “To. Wanke hannu.”

Kaka ta san komai, don ita nake kawo wa labarin wasa tiryan-tiryan. Wata rana ta ce, “Shekara nawa kina ce mini ‘yarinyar nan’. Ba ta da suna ne?” Na ɗauko biro na rubuta mata a gefen jarida. Ta duba, ta dube ni ta saman tabarau. Na yi mata bayanin al'adarmu iya Turancina. Ta ce, “Kin ɗauki cikinta, kin yi naƙudarta, kin tsallako teku da ita, sunan ne ya fi ƙarfinki?” Na yi dariya na ce ba za ta gane ba. Kaka ta rasu shekarar da yarinyar ta gama sakandare, na yi kukanta sosai. Tun daga nan duk Maris ni ma sai in yanko shafin in manna a nawa firijin.

Wata ƙaramar jami'a can kudu, tafiyar awa shida a mota, ta ɗauki yarinyar nan karatu kyauta saboda ƙwallo. Malam, wanda tuni Amurka ta wanke masa tasa kunyar, ya manna hotonta a cikin tasi, duk fasinjan da ya shiga sai ya sha labari. Ni aikina dambun nama da yaji, in ƙulle in kai gidan waya. Duk Lahadi takan kira. Ta yi rabin awa da ubanta, ni kuma: “Kin ci abinci?” “Na ci.” “Kina salla?” “Ina yi.” “To, ga babanki.” A ganina lafiya lau muke.

A shekararta ta ƙarshe aka gayyace mu ranar da ake karrama masu fita. Muka tafi a tasin Malam, har da Ladi. Al'adarsu ita ce a kira sunan yarinya a lasifika, iyayenta su sa ta a tsakiya su rako ta cikin fili. Da aka kira ta Malam ya kama hannunta yana washe baki, ni na bi su a baya da taku biyu, kaina a ƙasa. A tsakiyar fili ta buɗe mini hannu, na miƙa mata furen da aka ba ni na ja baya. Wannan da ta haɗiye shi, don ta saba. Abin da ya biyo baya ne ya ɓata komai.

Bayan wasa kociyarsu, wata doguwar Baturiya mai dasasshiyar murya, ta zo ta kama hannuwana biyu, 'yan wasa sun kewaye mu. Ta ce ba ta taɓa horar da yarinya mai juriya kamar wannan ba. Ta ce, “Na san kina alfahari da ita.”

A gida in an yabi ɗanka a gabanka, kushe shi kake yi. Kai ka kushe, jama'a su taso maka, “Haba, kada ki ce haka!” su ƙara yabon a madadinka. Kowa ya san wasan, kuma yana kare yaro daga bakin mutane. Don haka na tattaro Turancina na ce, “Wannan? Tsawo ne kawai. Raguwa ce, ko girki ba ta iya ba.” Na yi 'yar dariya ina jiran a taso mini.

Ba wanda ya taso. Kociyar ta saki hannuna a hankali, 'yan matan suka shiga kallon takalmansu. Yarinyar ta dube ni, ta yi magana da Hausa, kalma ɗaya-ɗaya:

“Yaya, shekara goma sha biyar ina jira ki ce wani abu a kaina. Yau kin ce.”

Ta ɗauki jakarta ta shige.

A hanyar dawowa na cika na batse. Na ce yaran Amurka ba su da ta ido, uwa ba ta da ikon wasa da 'yarta? Na ce ai ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Ladi ta leƙo daga kujerar baya.

“Ta shekara ashirin da biyu da nata yatsun, kuma da su ta yi digiri kyauta. Hajara, in gaya miki gaskiya ko in bari?”

“Da can izinina kike nema?”

“Kunyar nan taki, a Malumfashi tana da tafinta. Kakar yaro na nan, gwaggo na nan, maƙwabta na nan, kowa na gaya wa yaro, ‘Ka ga uwarka? Ba ta da kamarka.’ Nan wa zai gaya mata? Kin ɗauko kunya kin baro masu fassara ta a gida. Abin da yarinyar ta sani shi ne uwar kowa na ihu, tata ko sunanta ba ta kira.”

Na ce Malam ya ƙara rediyo. Amma maganar ta tsaya mini a ƙirji, ta ƙi wucewa.

Lahadi ta zo, ta kira ubanta ba ta ce a ba ni ba. Ta biyu ma haka, sai ma ta gaya masa ta samu aiki can yammacin ƙasar, bakin ɗaya tekun, kuma in ta gama jarrabawa daga makaranta za ta wuce, ba sai ta biyo ta Greenbelt ba. Malam ya ajiye waya bai dube ni ba. Ranar na san ba fushin kwana biyu ba ne. 'Yata za ta tafi da tunanin ba na ƙaunarta, kuma mai irin wannan tafiya bai cika dawowa ba. Tsoro ya kama ni. Sau nawa na ɗauki waya na ajiye, don ban san ta inda ake farawa ba.

Sai ga abin mamaki a tsakiyar Maris. Jami'arsu, wadda ba ta taɓa shiga babbar gasar ba, ta cinye ta yankinsu ta samu gurbi. Ranar da ake bayyana wa zai kara da wa a talabijin, muna zaune da Ladi sai ga sunansu, kuma wasan farko a College Park, da jami'ar da ke can, wato masu gida. College Park fa, inda nake zuwa cefane, minti goma daga ƙofarmu! Ladi ta yi ta tsalle har maƙwabcinmu na ƙasa ya bugo silin da sanda. Washegari na yanko shafin jarida na manna, na tsaya ina kallon sunan makarantarsu a cikin jerin. Na ce Allah sarki Kaka, da kina nan.

Tikiti uku yarinyar nan ta aiko. Ta ce ɗaya na Baba, ɗaya na Anti Ladi, na ukun a ba duk wanda aka ga dama. Na ji zafin maganar har cikin ƙashi, amma na ce wanda aka ga dama ni ce. Na ɗauko atamfar da nake ɓoyo don biki na goge.

Wasan da rana ne. Ban taɓa ganin taro irin wannan a ƙarƙashin rufi ɗaya ba, ga ganguna ga ƙaho, duk na masu gida. Mu 'yan kaɗan ne, an tara mu a bayan bencin yaranmu. Kujerun da lamba, don haka babu layin ƙarshe da zan ɓuya. Ga ni a gaba, har ina jin ƙarar takalmansu a kan katako. Da suka fito ta ɗaga wa ubanta hannu, ta yi wa Ladi murmushi, idonta ya tsallake ni kamar kujerar ba kowa.

Masu gida manya ne, sun saba da gasar, amma yaranmu ba kallo suka zo ba. Har aka tafi hutun rabin lokaci suna manne da su. Tawa tana ƙarƙashin kwando tsakanin ƙosassu biyu, duk ƙwallon da ta faɗo sai ta yi tsalle ta ƙwato. Aka kai mata gwiwar hannu a baki, leɓe ya fashe, aka goge ta koma. Wai raguwa! Ni na faɗi haka da bakina a gaban mutane. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige.

Bayan hutu ƙarfi ya nuna. Masu gida suka yi nisa, nisan da duk wanda ya zauna da Kaka ya san ba a kamowa. Na dubi agogon da ke sama, saura minti biyu da 'yan kai. In agogon nan ya ƙare ta gama wasa ke nan, ta cire rigar, ta tafi yamma. Babu wani filin da zan sake zama in gyara.

Sai aka ture ta tana shirin jifa, alƙali ya busa. Ta je ta tsaya kan layi. Namu suka yi tsit yadda aka saba. Masu gida ma, da yake sun riga sun ci, ba su damu da yi mata hayaniya ba. Duk girman ɗakin nan ba ka jin komai sai bugun ƙwallonta a ƙasa. Na san ƙa'ida sarai, Kaka ta koya mini. Amma an ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ban san lokacin da na miƙe ba.

“Rakiya!”

Muryar ta fito a shaƙe, kamar ƙofar da aka daɗe ba a buɗe ba. Na sake, wannan karon da duk ƙarfina:

“Rakiya! Rakiyata!”

Na toshe hanci na rangaɗa guɗa irin ta bikin Malumfashi.

Tana cikin sakin ƙwallon ta waiwayo. Ƙwallon ta tafi can gefe, ko ƙarfen kwandon ba ta taɓa ba. Ladi ta jawo zanena, “Kin kashe mu! Ba yanzu ake ihu ba!” Malam ya rufe fuska da hula. Wani Bature a bayanmu ya tambaya ko lafiya, Ladi ta ce masa uwarta ce, ya gyaɗa kai kamar wannan ya isa bayani.

Rakiya tana tsaye kan layi tana kallona, baki buɗe. Sai da alƙali ya sake busa usur sannan ta karɓi ƙwallo. Ta ja wuyan riga ta goge ido, ta buga ƙwallon sau biyu, ta jefa, ta shige salin-alin. Kociya ta fitar da ita don a tafa mata, har masu gida suka miƙe suna tafi. An cinye mu da rata mai yawa, amma ban taɓa fita daga filin wasa da farin ciki irin na ranar ba.

Muka jira a wani dogon lungu tare da sauran iyaye. Ta fito da jaka a kafaɗa, leɓe a kumbure, ta tsaya a gabana sai da na ɗaga kai.

“Yaya, kin sa na zubar da ƙwallo a talabijin. Duk ƙasa ta gani.”

“Ai dama ke...” na fara, Ladi ta mintsine ni a cinya sai da na yi ƙara. Na haɗiye sauran.

“Me kika ce ɗazu?” in ji Rakiya. “Ban ji sosai ba. Hayaniya ta yi yawa.”

Ni da ita mun san ko allura ce ta faɗi a lokacin za a ji. Ga kociya tsaye, ga 'yan wasa, ga iyayen mutane. Na kama hannunta na dubi idonta.

“Rakiya,” na ce. “Kin yi ƙoƙari. Ni ce raguwar.”

Ta lanƙwaso wannan tsawon nata duka ta ɗora kai a kafaɗata, ta jiƙa mini atamfa da gumi da hawaye.

“Na'am, Umma,” ta ce.

Kociya ta ba ta izini ta kwana a gida. Tun a mota Ladi ta kama aikin tafinta, ta zazzage mata komai: kwana ukun da na yi da ubanta kafin ya sa hannu, Hajiyar Beltsville, layin ƙarshe kusa da ƙofa. Ina ta cewa ta yi shiru, ba ta yi ba. Malam yana tuƙi sai ya gyara murya ya ce, “To, yanzu saura nawa sunan.” Na ce ya bari sai ya shiga gasa.

Aikin yamma dai Rakiya ta tafi, amma sai da ta yi wata biyu a Greenbelt tana cin tuwona tana koyon tuƙa shi, don maganar girkin gaskiya na faɗa. Yanzu shekaru sun ja. Duk Lahadi wayata take kira, ba ta ubanta ba. In na ɗauka na yi sallama sai ta amsa, sannan ta yi shiru. Na san abin da take jira. Har yau sai na ɗan waiwaya na ga ko akwai mai ji, sannan in faɗa.